Akwatin da Baba Kafinta Ya Ƙera

Asabar, 2 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yau ajin baftisma ya cika, su goma sha huɗu, ba wanda ya yi fashi. Saura mako huɗu su shiga ruwa. Maigida ya riga ya yanka farin yadin rigunansu, shagon ɗinkinsa ya koma kamar an yi ɓarin madara.

A ƙarshen darasi na buɗe akwatin tambayoyi kamar kullum. Shekararsa tara a hannuna. Baba Kafinta, babba a dattawan ikilisiyarmu, shi ya ƙera mini shi lokacin da na karɓi ajin. Ya yi masa 'yar tsaga siririya, takarda ta shiga, yatsa ba ya bin ta, da ɗan kwado mai makulli ɗaya. Dokarsa ɗaya ce. Tambayar da ta shiga akwati ba ta da suna. In karanta a gaban kowa, in amsa a gaban kowa, ba na neman mai ita.

Uku na samu yau. Ta farko, ko ruwan zai yi sanyi. Ta biyu, ko mai fushi da yayarsa zai iya cin jibin Ubangiji. Ta ukun an rubuta ta da manyan baƙaƙe:

"Malama, ran Litinin a makaranta kin koya mana cewa halittu sun ɗauki miliyoyin shekaru suna sauyawa. Ran Asabar muna karanta kwana shida. Ke wanne kika gaskata? In na yarda da na Litinin, zan iya tsayawa in faɗi shaidar bangaskiya ban yi ƙarya ba?"

Na ji daɗinta har cikin raina. Rabin ajin nan ɗalibaina ne na bayoloji, shekara tara ina jiran wani ya yi wannan tambayar. Na ce musu shaidar da muke tashi mu faɗa kowace Lahadi tana gaya mana wanda ya yi duniya, ba ta ce ga agogon da ya duba ba. Na ce akwai masu bi na ƙwarai da suka riƙe kwana shida irin namu, akwai kuma masu bi na ƙwarai da suka ɗauki surar halitta a matsayin shelar wane ne Mahalicci, suka bar duwatsu da ƙasusuwa su ba da labarin tsawon lokacin. Ni ina cikin na biyun, ban ɓoye musu ba. Duk wanda ya gaskata Allah ne ya yi shi, Almasihu kuma ya fanshe shi, ya tsaya ya faɗa da ƙarfi. Ba ƙarya a bakinsa.

Na dawo gida ina waƙa. Sai da na zauna zan adana takardar na juya bayanta.

Da ban juya ba.

Lahadi, 3 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Iyaye biyu sun wuce ni a bakin majami'a ba gaisuwa. Wataƙila ba su gan ni ba. Sakataren ikilisiya ya gan ni sarai, ya ce Fasto yana son ganina ran Laraba.

Talata, 5 ga wata, lokacin hutun tara

Bari in rubuta sau ɗaya, tun da littafin nan nawa ne. A bayan takardar akwai lambobi da fensir mai faɗin baki, tsawo da faɗi, da ɗan zanen ƙofa. Shafi ne aka yago daga littafin awo. Mutum ɗaya ne a ikilisiyarmu yake rubuta bakwai da 'yar sanda a tsakiya, kuma 'ya ɗaya yake da ita a ajina, autarsa.

Ba na neman mai ita. Ita ce ta same ni.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ofishin Fasto. Fanka tana juyawa ba iska, kalanda ta tsaya a watan da ya wuce. Fasto yana zaune, Sakatare yana tsaye da fayil a hammata.

"Malama, an ce kin ce kakanmu biri ne," in ji Sakatare.

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

"To, a koma wajen An, a ce masa ban faɗa ba. Ko a makaranta ba haka ake koyarwa ba."

Fasto ya danne murmushi, sannan ya tuna abin da ya tara mu. Ya ce ba ya son abin da ya faru shekara takwas da suka wuce ya sake faruwa. Ba sai ya faɗa ba. Daga tagarsa ana hango rufin majami'ar ƙetaren titi, ta 'yan'uwanmu da suka fita suna cewa ba ruwansu da wata shaida da mutane suka tsara, Nassi kaɗai ya ishe su. Benci goma sha ɗaya muka rasa a lokacin, har da ƙanwar Fasto.

Abu biyu suke so. Na farko, in sa hannu a wani sabon layi da Sakatare ya tsara, wanda za a ƙara a ƙarƙashin shaidar bangaskiya don malamai da masu shiga baftisma, cewa kwana shida ne masu awa ashirin da huɗu, duk wanda ya ce wani abu daban ba namu ba ne. Na biyu, in kawo takardar.

"Don mu taimaki yaron," in ji Sakatare. "Ba za a sa mai shakka cikin ruwa ba."

Na ce takardar ba ta da suna. Ya ce rubutu ai suna ne.

Na ce a ba ni lokaci a kan na farko. Na biyun ba ya bukatar lokaci.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na gaya wa Maigida muna shan shayi, ban da zancen bayan takardar.

"In ma birin ne, ni dai ta wajen danginki na fi zargi," ya ce. "Kin ga yadda kawunki yake hawan mangwaro?"

Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa.

"Maman yara, riga huɗu na gama. In ci gaba ko in dakata?"

"Goma sha huɗu aka ce maka."

"Goma sha huɗu," ya ce, ya tura kekensa.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Sakatare ya shigo aji ba sallama, ya karɓe littattafan rubutun yaran duka, wai za a duba ci gabansu. Ya ɗauki akwatin ya tafi da shi ɗakin ajiya. Makullin yana wuyana. Bai tambaya ba, ban miƙa ba.

Darasin yau a kan gafara ne. Na koyar da shi har ƙarshe.

Autar nan ta zauna a bencin baya, ba ta ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Ni ma ban kalli wajen ba fiye da yadda na kalli sauran. Ban san kallon kowa daidai wa daida aiki ne mai gajiyarwa haka ba.

Lahadi, 10 ga wata, bayan sujada

An sanar. In mai tambayar bai fito ba kafin taron dattawa na ashirin da uku ga wata, za a ɗage baftismar duka ajin.

Mun tashi mun faɗi shaidar bangaskiya bayan sanarwar. Kalmomin nan ne dai, ba su sauya ba.

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe huɗu

Ƙanena ya kira, hirar yaransa kawai. Ban gaya masa komai ba. Shekararsa goma sha shida lokacin da aka karanta tasa tambayar daga kan bagade, da sunansa, jama'a suka yi dariya. Ina benci na uku, ban ce uffan ba. Yau shekara goma sha tara ke nan bai sake taka majami'a ba.

Ba zan rubuta wannan ba. Na rubuta.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe biyu da rabi

Abin da na ji tsoro ya fara. Yaran sun yanke hukunci da kansu cewa 'yar nas ce, saboda tana sa tabarau kuma ita ke zuwa ta ɗaya a kimiyya. Wani ya zana wutsiya a bayan kujerarta. Suna ce mata Jikar Biri. Na tarar da ita a ɗakin gwaji tana wanke kwalaben da an riga an wanke.

"Malama, ki gaya musu ba ni ba ce."

In na wanke mutum ɗaya, saura goma sha uku. Gobe wani ya zo, saura goma sha biyu. Haka za a yi ta ragewa har a kai bencin baya. Na riƙe hannunta, na ce ba zan iya cewa ita ce ko ba ita ba ce, amma mai zanen wutsiya zai goge ta da hannunsa. Wannan kam na san mai shi, ba a akwati ya saka ba.

Ta tafi ba ta gamsu ba. Tana da gaskiya. Alkawarina ne, ita ke ɗaukar nauyinsa.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe uku

Bayan an tashi, Auta ta tsaya a ƙofar ɗakin gwaji tana murza bakin kifin roba da muke nuna sassan jiki da shi, har ta kusa cire masa fiffike.

"Malama, in mutum ya san abu, wani kuma yana shan wahala a kansa..."

"Ajiye kifin nan tukuna, shi kaɗai gare mu."

Ta ajiye. Na ce mata ni ba na neman kowa. In mutum zai yi magana, ya yi don ya shirya, ba don an tsorata shi ba. Kuma ya fara da mutanen gidansu, ba da fayil ɗin Sakatare ba.

"Babana ba ya faɗa," ta ce. "Shiru yake yi. Shirun ya fi faɗa zafi."

"Na sani. Na taɓa kawo masa kujerar da na karya."

Ta yi 'yar dariya, hawaye ya biyo baya. Da za ta tafi na ga ta nufi inda 'yar nas take jiran mota, ta zauna kusa da ita, ta karɓar mata jaka. Ban san abin da suka ce ba.

Riga takwas.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

An fasa kwadon. Matar Fasto ce ta gaya mini a kasuwa, tana dariya tana rufe baki. Sakatare ya sa sukundireba ya ɓalle murfin har katakon ya tsage. Takarda ɗaya ya samu a ciki: "Har yanzu ba a gaya mana ko ruwan zai yi sanyi ba."

Na amsa wannan tun makon farko. Yaron nan ba ya saurare.

Fasto bai ji daɗi ba, ya aika akwatin wajen mai shi a gyara.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe biyar da rabi

A aji na ce musu ni ma na yi wannan tambayar ina 'yar shekara goma sha bakwai, sai dai ban sami akwatin da zan saka ta ba, na haɗiye ta, ta zauna mini a ƙirji har na gama jami'a. In ana neman wanda ya taɓa tambaya, ga ni. Daga yau duk wanda ya ƙara kiran wani da sunan dabba, da ni yake.

Sai wata a gaba ta ce, "Malama, ko ɗan tsako?" Haka ake kiran ƙanenta a gida. Dariyar ta taimake mu duka.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na je shagon Baba Kafinta bayan makaranta. Na gaya wa kaina akwatina na je dubawa.

Yana fere ƙafar tebur, fensir a bayan kunne, tef a wuya. Akwatin yana kan benci, an matse inda ya tsage da maƙala, gam yana bushewa. Kusa da shi littafin awo, a buɗe. Na kawar da idona.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa 'yata. Ture garin katakon nan ki zauna."

Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce shi bai yi karatu mai zurfi ba, amma shekara arba'in yana aikin nan bai taɓa ajiye katako da yamma ya dawo da safe ya tarar ya zama kujera da kansa ba.

"Ni ma ban ce da kansa ba, Baba. Amma katakon nan da ke hannunka, wa ya yi shi?"

"Allah."

"A kwana nawa?"

Ya juya shi, ya dubi bakin da aka yanka, ya bi layukan da suka zagaye da farcensa. "Wannan ya yi shekara talatin da wani abu."

"To Allah bai yi shi ba ke nan, tun da ya daɗe?"

"Kin iya magana," ya ce. "Shi ya sa nake tsoron ki da yara. Itace daban, mutum daban. In kika ce wa yaro kwana ba kwana ba ne, gobe ya ce miki tashi daga matattu ma ba tashi ba ne. A ina za ki tsayar da shi?"

Tambaya ce ta gaske, ban raina ta ba. Na ce masa ba ni zan tsayar da shi ba. Amma yaron da aka ce wa ya zaɓa tsakanin abin da ya gani da idonsa a ɗakin gwaji da Ubangijinsa, sau da yawa ba ya dawowa ya faɗi abin da ya zaɓa. Benci kawai ake gani babu kowa.

"Ƙanenki," ya ce.

Na gyaɗa kai.

Sai ga Auta da kwanon abincinsa. Da ta gan ni, murfin ya zame ya faɗi cikin garin katako. Ta durƙusa tana kakkaɓewa. Baba ya dube ta, ya dube ni, ya koma kan ferensa.

Ba mu rabu a kan komai ba. Ya ce ran Asabar zai faɗi abin da ya gani daidai ne, kada in ji haushi. Na ce ni ma haka.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe shida na safe

Na ɗauko takardar na tsaya gaban risho. In ta ƙone, magana ta ƙare, ba abin da za a kwatanta da littattafan. Na mayar da ita cikin jakata. Ba ƙazanta ba ce da zan ƙone ta. Tambaya ce mai kyau, yarinya ta zauna ta yi tunani ta rubuta.

Layin Sakatare kuma na karanta shi sau biyar. Ba zan sa hannu ba. In na sa, na yi ƙaryar da aka tambaye ni ko dole ne a yi.

Riga goma sha ɗaya. Maigida ya daina tambaya, ɗinki kawai yake yi.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ina shanya kaya a tsakar gida na ji sallama. Baba Kafinta ne, bai taɓa zuwa gidanmu ba sai ranar sunan yara. Na kawo kujera da ruwa. Ya duba ƙafar kujerar kafin ya zauna.

Muka gaisa, muka sake gaisawa. Sannan ya ce:

"Malama, wani shafi ya ɓace mini a littafin awo. Awon ƙofar ɗakin mawaƙa. Mako uku ke nan aikin ya tsaya."

Ɗakin mawaƙa taku ɗari ne daga shagonsa. Tef ɗinsa yana rataye a wuyansa.

"Ina tsammanin yana wajenki," ya ce. "Karanta mini lambobin kawai. Kada ki juya shi. Abin da ke ɗaya gefen an maimaita mana shi a taro sau uku, na haddace."

Na shiga ɗaki, na tsaya, na yi addu'ar da ba ta da kalmomi. Na fito da takardar. Na karanta masa tsawo, na karanta faɗi. Ya zaro fensir ya rubuta a tafin hannunsa.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun ranar da na ga bakin yagar. Ita kaɗai ce take yaga takarda daga ƙasa zuwa sama. Uwarta ma haka take yi, Allah ya ji ƙanta. Ita ma ba ta barin mutum ya huta da tambaya."

"Ta yi maka magana?"

"Jiya. Ta tsaya a bayana ina aiki, ta faɗa wa ƙeyata." Ya sha ruwa. "Na yi shiru. Ban san me ake cewa ba. Sai na ce ta miƙo mini guduma."

Ya miƙe. A bakin ƙofa ya juyo.

"Ni kwana shida na sani, a kansa zan mutu. Kuma ban yarda da yadda kika amsa ba. Amma akwatin nan da hannuna na ƙera shi. Na san yadda ake ƙera tarko, ba haka ake yin bakinsa ba."

Takardar tana hannuna har yanzu. Bai nema ba.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe biyu na rana

An yi taron. Ba zan rubuta duk abin da aka faɗa ba, wasu maganganun masu su za su so a manta. Na ce ba zan sa hannu ba, ba zan kawo takarda ba, ba zan faɗi suna ba. Na faɗi shaidar bangaskiya daga farko har ƙarshe, na ce wannan ita ce tawa, da ita aka yi mini baftisma, da ita aka yi wa kowa a ɗakin nan.

Aka zo kan ko zan ci gaba da riƙe ajin. Hannu biyar suka tashi a sauke ni. Na farkonsu na Baba Kafinta ne, mai lambobi a tafi. Ya gaya mini tun da wuri, amma duk da haka ya yi zafi.

Sannan Sakatare ya buɗe fayil ya ce saura maganar yaron da ɗage baftisma. Baba Kafinta ya miƙe, abin da ba ya yi a taro.

"Ni na ƙera akwatin, ni na ce wa yara su saka abin da ke ransu. Duk abin da ya shiga ciki a wuyana yake. In suna kake so a fayil, rubuta nawa. Layinka kuma, ni na yarda da abin da ke ciki, amma ba da shi aka sa ni cikin ruwa ba, ba zan sa wa jikokina ƙofar da ni ban bi ta ciki ba. Mun rasa benci goma sha ɗaya a kan a rage. Kada mu rasa sauran a kan a ƙara."

Fasto ya daɗe yana kallon taga. Sannan ya ce a mayar wa yara littattafansu.

Baftisma tana nan ran talatin da ɗaya. Baba Kafinta ne zai ƙarasa ajin.

Lahadi, 24 ga wata, ƙarfe uku

Shekara tara. Na share allon nan fiye da yadda na share ɗakina.

Maigida ya ce yanzu sai in riƙa taya shi sa maɓalli ran Asabar. Na sa uku, ya warware biyu.

Asabar, 30 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ƙarfe huɗu da rabi 'yar nas da Auta suka zo tare, suna haki, wai Baba ya ce in zo.

Na tarar ya gama darasi. Yaran sun ce minti ashirin ya yi, rabi a kan yadda ake riƙe numfashi a cikin ruwa. Akwatin yana kan tebur, an shafe inda ya tsage har ba a ganin wurin, da sabon kwado. Ya miƙo mini makulli.

"Baba, an sauke ni."

"Daga aji. Je ki duba abin da Sakatare ya rubuta, na sa ya karanta mini sau biyu. Ba inda aka ambaci akwati. Aji nawa, akwati naki."

Ya koma bencin baya ya zauna kusa da 'yarsa, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

Biyu na samu. Ta farko, ko za a iya zuwa da tawul daga gida. Za a iya. Ta biyun an naɗe ta huɗu, an rubuta da fensir mai faɗin baki, baƙaƙen manya, an danna har sun huda takardar:

"Shekarun itace na san yadda ake ƙirga su. Na dutse yaya ake yi, kuma wa ya tabbatar ba a yi kuskure ba?"

Na karanta a gaban kowa. Ban kalli bencin baya ba fiye da yadda na kalli sauran. Na ce tambaya ce mai kyau, ba ta da suna, kuma amsarta tana da tsawo, duk mai sauri ya tafi.

Ba wanda ya tashi. Na ɗauki alli.

Lahadi, 31 ga wata, ƙarfe sha biyu da rabi

Goma sha huɗu. Riga ɗaya ta yi wa mai ita tsawo, Maigida ya ce yarinyar ce ta gajarce.

Da aka zo shaidar bangaskiya, murya ɗaya ta fi ta kowa ƙarfi. Ban juya ba.

Ruwan ya yi sanyi.

Yanzu zan kira ƙanena.